An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nazarin Tukwane Bakwai na Wani Sabon Mai Dafa Giya a Gida

Ƙanin wani abokin aikina ne. Ya zo mini da takarda a aljihu da kwalabe biyu a jaka. A takardar ya jera kayan da yake shirin saya: manyan tukwanen ƙarfe uku, injin ɓarzar hatsi, famfon tura ruwa, da tulun ƙarfe irin wanda ake ɗura wa gas. Kwalaben kuwa giyar da ya dafa da hannunsa ce, ɗaya daga tukunyarsa ta uku, wato dahuwarsa ta uku, ɗaya daga ta huɗu. Duk tukwanen huɗu lita 20 ne, kuma da tsiron gwangwani ya yi su, wato ruwan tsiron sha'ir da kamfani ya riga ya dafa, ya ƙafe shi har ya yi kauri kamar zuma, ya saƙala ɗan ƙunshin yis (abin da ke cin sukari ya mayar da shi barasa da gas) a ƙarƙashin murfi.

"Yaya, na gaji da gwangwanin nan," in ji shi. "Shi ke ɓata mini giya. Daga hatsi nake so in riƙa dafawa, kamar yadda ƙwararru ke yi."

Na ce mu buɗe kwalaben tukuna.

Ta tukunya ta uku tun daga nesa take buso warin ayabar da ta nuna ta wuce misali, a bayansa kuma ga wani kaifi irin na sinadarin goge jan farce. In ka kurɓa sai ta ƙona maƙogwaro, ƙunar da ba ta dace da giyar da ƙarfinta bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Da kansa ya ce kwalba biyu sun isa su kwana masa a ka. Ta huɗu kuwa ban gama ɓalle murfin ba ta yi tsiri, kumfa ta malale tebur, rabin kwalbar ya tafi a banza. Ɗan abin da ya rage ɗanɗanon magani yake yi, kamar ka lashi filastar ɗaure ciwo. Yana sosa ƙeya ya ƙara da cewa biyu daga cikin 'yan uwanta sun fashe a kabad cikin dare.

Tambaya uku na yi masa. Nawa ne zafin giyar lokacin da yis ke aiki? Nawa kaurinta ya nuna ranar da ka zuba ta a kwalba? Wane ruwa ka yi amfani da shi, kuma da me ka tsabtace kaya? Ta farko da ta biyu bai da amsa, don bai da ma'aunin zafi, haidromitar da ta zo cikin kayan farawa kuwa, wato ma'aunin kauri mai nuna yawan sukarin da ya rage, tana nan cikin kwalinta ba a taɓa ta ba. Ta uku ya amsa da alfahari: ruwan famfo, kuma komai sai ya jiƙa shi da bilic.

Abin da kwalaben suka faɗa

Mu fara da ta uku. Ya dafa ta ne a lokacin zafi, ɗakin da ya ajiye bokitin yana kai digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas da rana. Ya zuba yis lokacin da ya taɓa jikin bokiti ya ji "ɗumi-ɗumi", abin da a hannun mutum ke nufin digiri 30 ko fiye. Ga wani abu kuma da sababbi ba su cika lissafawa ba: yis yana fitar da zafi yayin da yake cin sukari. A kwana biyu ko uku na farko, cikin bokiti kan ɗara ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Ke nan giyarsa ta yi kwanakinta mafi muhimmanci a sama da digiri 30, alhali yis irin nata, dangin Saccharomyces cerevisiae da ake yin nau'in giyar da ake kira el (ale) da shi, ya fi yin aiki mai tsabta tsakanin 18 da 20.

Yis ba ya mutuwa a wannan zafin. Gudu yake yi. Yana hayayyafa da gaggawa, kuma a cikin gaggawar yana zubar da abubuwa iri biyu fiye da kima. Na farko sinadaran ƙamshin 'ya'yan itace ne, waɗanda kaɗan daga cikinsu ado ne, da yawa kuwa su ne ayabar nan da kaifin goge farce. Na biyu wasu nau'o'in barasa ne masu nauyi da ake kira fusel, su ke ƙona maƙogwaro. Ajiya tana iya ɗan sassauta su amma ba ta kawar da su. Duk wannan a kwana ukun farko ake yinsa, kuma gwangwani ba shi da hannu a ciki. Da ya dafa wannan tukunyar daga sha'ir mafi tsada a duniya, wari ɗaya za ta yi.

Ta huɗu ta fi ban sha'awa, don laifi biyu ne suka haɗu a kwalba ɗaya, kuma tsirin da ta yi yana iya fitowa daga wuri uku: ko ya zuba sukarin kwalba (wanda ake ƙarawa lokacin rufewa don ya ba da gas) fiye da kima, ko baƙon yis ya shiga yana cin sukarin da na gida ba ya iya ci, ko kuma ya rufe giyar tun ba ta gama nuna ba. Sukarin mun kawar da shi nan take, giram 130 ya sa wa lita 20, wanda daidai ne. Don raba sauran biyun, na zuba ragowar a kofi, na kaɗa har gas ya fita, na saka haidromita. Ta nuna 1.011. Da baƙon yis ne, yawanci da ta gangara kusa da 1.002, jikinta ya tsinke kamar ruwa, sau da yawa har da tsami. Wannan ta tsaya inda giya irinta ya kamata ta tsaya. Abin da ya faru shi ne ta ƙarasa nuna a cikin kwalba, ba a bokiti ba.

Da na bi diddigi sai labarin ya fito. Ya dafa ta ne bayan yanayi ya juya, dare yana sauka zuwa digiri 14 ko 15. Yis ɗin da ke ƙarƙashin murfin gwangwani ɗan ƙunshi ne, giram 7, kuma Allah kaɗai ya san watannin da ya yi a kan kanta. A kwana na shida bututun numfashin da ke kan murfi ya daina ɓulɓula, shi kuwa ya saba a kwana na shida yake zuba wa kwalba, sai ya zuba. Amma ɓulɓular bututu ba ma'auni ba ce. Murfin bokiti kan yi yoyon iska, sanyi kan sa gas ya zauna cikin ruwa maimakon ya fita, yis kan yi kasala ba tare da ya gama ba. Lissafin da ya kamata kowane mai dafa giya ya riƙe shi ne wannan: kowane maki ɗaya na kauri da yis ya ci a cikin rufaffiyar kwalba, misali daga 1.012 zuwa 1.011, yana ƙara gas kusan rabin girman ruwan. Giya ta yau da kullum tana son gas ninki 2.4 ko kusa da haka. In ya rufe ta tana 1.017, ya ɗora ninki uku a kan abin da sukarin kwalba zai bayar. Kwalbar gilashi ta yau da kullum ba a yi ta don ɗaukar wannan ba. Na ce masa ya koma gida ya sa safar hannu, ya kare idonsa, ya kwashe sauran zuwa firij su yi sanyi sosai, sannan ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin tawul.

Ɗanɗanon magani kuwa daga kulorin yake. In kulorin ya haɗu da wasu sinadaran da ke cikin tsiro, sai su haifar da abin da harshe ke iya ji ko da ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Shi ya ba shi ƙofa biyu: ruwan famfon da ya cika bokiti da shi ba tare da tafasawa ba, da bilic ɗin da bai ɗauraye sosai ba, don shi ma kulorin ne a cikinsa.

Ke nan cikin laifuffuka uku, babu ko ɗaya da jerin kayan da ke aljihunsa zai gyara. In ka cire tulun gas, dukkan kayan nan na ɓangaren wuta ne, wato kafin a zuba yis. Matsalarsa duk tana bayan an sauke tukunya.

Ba shi ya fara wannan kuskuren ba, sana'ar ma kanta ta daɗe tana lalube. Masu dafa giya a Ingila ba su rungumi auna kaurin ruwan tsiro ba sai a ƙarshen ƙarni na 18, bayan John Richardson ya fitar da ma'auninsa a 1784. Louis Pasteur ya wallafa bincikensa kan abin da ke lalata giya a 1876. Sai a 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhegan, ya ware yis guda tsantsa ya rene shi. A shekarun 1870 ne kuma injin sanyi na Carl von Linde ya shiga gidajen giya na Munik. In ka duba, manyan abubuwan da suka gyara giyar duniya awo ne, da tsabta, da lafiyar yis, da sanyi. Tukunya kam tun da can akwai ta.

Tukunya ta biyar: gwangwani ɗaya, hannu daban

Na ba shi shawarar da bai so ba: ya sake sayen gwangwanin nan dai, iri ɗaya, ya sake dafa abin da ya dafa. Ka'idar da aka saba ita ce a canza abu ɗaya kacal a kowace tukunya, don a san abin da ya kawo bambanci. A nan na karya ta da gangan, muka canza abubuwa da dama lokaci guda, saboda kowane laifi yana da tambarinsa. In ayaba ta tafi, zafi ne. In magani ya tafi, ruwa ne. Ba za su rikice da juna ba.

Ruwa ya fi sauƙi. Kulorin zalla yana tashi in an tafasa ruwa ko an bar shi ya kwana a buɗe, amma wasu hukumomin ruwa kuloramin suke sawa, wato wani dangin kulorin, shi kuwa ba ya tashi da sauƙi. Ƙwayar sinadarin da ake kira Campden tana kashe duka biyun cikin mintuna, kuma guda ɗaya ta isa kusan lita 75, don haka rabi ya wadatar da shi har da saura. Bilic muka ajiye, ya koma Star San, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai asid wanda ba a ɗaurayewa, kimanin mililita ɗaya da rabi a kowace lita, a bar shi minti biyu a jikin kaya. Na jaddada masa cewa wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Maganin ba ya ratsa datti, sai an wanke tukuna. Kuma kada soso mai kaushi ya taɓa cikin bokitin roba, don kowane ƙarce maɓoya ce.

Yis ya sayi sabo, SafAle US-05, ƙunshin giram 11.5. Kamfanin da ke yinsa, Fermentis, ya ce a sa giram 50 zuwa 80 ga lita 100, wato giram 10 zuwa 16 ga tukunya irin tasa. Daga nan ka ga inda ɗan giram 7 ya gaza.

Sai zafi, wanda shi ne ainihin aikin. Ba firij ya saya ba. Babban baho ya samo, ya zaunar da bokitin a ciki, ya zuba ruwa har ya kai tsayin giyar. Ya cika gorunan roba huɗu da ruwa ya daskarar da su, yana jefa biyu da safe biyu da yamma. Ma'aunin zafi yana cikin ruwan bahon, domin ruwa yana riƙe bokiti kusa da zafinsa fiye da yadda iska ke yi. Bai zuba yis ba sai da ruwan tsiron ya sauka zuwa digiri 18, ko da yake hakan ya sa shi jira har tsakar dare. Kwana huɗu ya riƙe shi tsakanin 18 da 19. Daga nan ya daina sa ƙanƙara, ya bar shi ya hau zuwa 21 ko 22.

Wannan hawan na ƙarshe yana da dalili. Yis yana zubar da wasu abubuwa a tsakiyar aiki waɗanda yake dawowa ya share in an ba shi lokaci da ɗan ɗumi. Ɗaya yana warin man shanu, ɗaya yana warin ɗanyen tuffa. Wanda ya raba giya da yis da wuri, ko ya bar sanyi ya kwantar da shi, zai sha su a kofi. Shi ya sa ma na hana shi juye giyar zuwa bokiti na biyu, al'adar da tsofaffin umarni ke yawan faɗa. Ga giyar da za ta yi sati biyu ko uku, juyewar ba ta ƙara komai sai iska da haɗarin ƙwayoyin cuta.

A gefe guda, ga wanda ɗakinsa ba ya sauka ƙasa da digiri 30 kuma ba ya son wahalar ƙanƙara, akwai wata hanya. Manoman yammacin Norwe sun gāji wani yis da suke kira kveik, wanda ke aiki tsakanin digiri 30 da 40 ba tare da ƙunar fusel ba, ya gama cikin kwana uku ko huɗu. Lars Marius Garshol ne ya yi ta bin gonaki yana rubuta labarinsa har duniya ta san shi, yanzu kuma ana sayar da shi busasshe. Na Voss yana ba da ƙamshin ɓawon lemo. Ban ba ƙanin nawa shi a wannan matakin ba, saboda ina so ya ji da bakinsa abin da digiri goma ke yi wa yis ɗin da ya sani.

Ya sayi littafin rubutu, ga abin da ya shiga ciki. Ranar dafawa, kauri 1.048. Kwana na goma, 1.013. Kwana na goma sha huɗu, 1.011. Kwana na goma sha shida, 1.011. Awo biyu iri ɗaya da kwana biyu a tsakani, shi ne izinin zuba wa kwalba. Ƙarfin barasa kuwa ana cire na ƙarshe daga na farko a ninka da 131.25, ya ba shi kusan kashi 4.9. Lita 19 ya samu, ya narkar da sukari giram 115 a ɗan tafasasshen ruwa ya gauraya, ya zuba a kwalabe masu ruwan ƙasa, tunda haske yana ratsa kore da fari ya sa giya wari. Bayan sati uku ya kawo mini.

Ba ayaba, ba magani, ba ƙuna. Murfi ya yi ɗan "tsss" ya tsaya. Na tambaye shi yadda ya ji ta.

"Ta yi tsabta, Yaya. Amma ba ta da wani armashi. Kuma ta fi duhu fiye da hoton gwangwanin."

Gaskiyarsa. Yanzu ne iyakar gwangwani ta fito fili, bayan an share abin da ya rufe ta. Tsiron gwangwani yana duhu da daɗewa, ƙamshin hof, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, da aka dafa a cikinsa ya daɗe da tashi, kuma kamfani ya riga ya yanke yawan sukarin da yis zai iya ci. Ƙorafin da ya zo da shi tun farko sai yanzu ya zama gaskiya.

Tukunya ta shida: hatsi, da kuskure ɗaya mai fuska biyu

Ko a nan ban yarda da tukwane uku ba. Akwai hanyar da masu dafawa a gida a Ostareliya suka yaɗa a tsakiyar shekarun 2000: tukunya ɗaya da buhun yadi mai ƙananan ramuka. A shimfiɗa buhun a tukunya, a zuba ɓarzajjen tsiro, a jiƙa, a ɗaga buhun da dusar, a tafasa abin da ya rage. Na kuma ce ya rage zuwa lita 10. Tukunyar lita 20 ta isa, murhun kicin zai iya, ana sanyaya ta a kwamin wanke-wanke da ƙanƙara, kuma in ta ɓaci asarar rabi ce. Abin da ya fi wannan, lita 10 tana ƙarewa da wuri, sai a sake dafawa, hannu kuwa da yawan yi yake faɗawa.

Girkin ma na tsuke shi: tsiro iri ɗaya, hof iri ɗaya. Farin tsiron sha'ir kilo 2.3, ruwa lita 15, da hof ɗin Cascade, wanda aka fitar a Amurka a farkon shekarun 1970, giram 15 a farkon tafasa da giram 20 saura minti biyar a sauke. Na farkon ɗaci yake bayarwa, don sai an daɗe ana tafasa shi asid ɗinsa ke narkewa ya zama ɗaci. Na ƙarshen ƙamshi ne, don man da ke cikinsa yana bin tururi in ya daɗe.

Jiƙon shi ne sabon darasi. Ƙwayar sha'ir da ta tsira tana ɗauke da sitaci da kuma sinadaran da ke mayar da shi sukari. Biyu ne manya. Ɗaya, beta, ya fi ƙarfi tsakanin digiri 60 da 65, yana gutsuro sukari mai sauƙi wanda yis ke cinyewa tas, sai giya ta fito da ƙarfi amma siririya. Ɗayan, alfa, ya fi son 68 zuwa 72, yana sara sitaci ta ko'ina ya bar manyan gutsattsari da yis ba ya iya ci, su ke ba giya jiki. Digiri 66 na awa ɗaya sulhu ne tsakaninsu. Tunda hatsi zai sha zafi, sai a kai ruwa 69 kafin a zuba. In ana shakka ko sitaci ya ƙare, a ɗiga ruwan a farin faranti a sa masa ɗigon aidin. In ya yi baƙi-baƙi da sauran aiki. Abin da aka gwada a zubar da shi.

Ya kira ni da yamma murya a sanyaye. Ya sa ran 1.048, ya samu 1.038. Na tambayi yawan ruwan da ya shiga bokiti, ya ce lita 11 da rabi.

A nan littafin ya biya kuɗinsa. Sukarin da ke tukunya ba ya bin tururi, don haka ana iya ninka makin kauri da yawan lita a san jimillarsa: 38 sau 11.5 ya ba 437. Da ruwan ya ƙafe zuwa lita 10 kamar yadda aka tsara, da ya nuna 1.044. Ke nan fiye da rabin giɓin ba daga hatsi yake ba, ruwa ne bai ƙafe ba. Kilo ɗaya na farin tsiro yana ɗauke da maki kusan 300, kilo 2.3 ke nan 690, ya ciro kashi 63 cikin ɗari. Ga karon farko ba abin kunya ba ne. Ragowar giɓin ya fito daga ɓarzar da ba ta yi laushi ba, da rashin motsawa, da zafin jiƙon da ya zube zuwa 60 kafin awa ta cika, don tukunyar tsirara ya bar ta.

Amma me ya hana ruwan ƙafewa? Murhunsa ba shi da ƙarfi, sai ya rufe tukunyar don ta ci gaba da tafasa. Na ce masa to ya shirya jin warin dafaffiyar masara a kofi, kuma haka aka yi. Farin tsiro yana ɗauke da wani sinadari da zafi ke mayarwa abu mai wannan warin. Tafasa a buɗe tana korar shi da tururi. In an rufe, sai ya taru a jikin murfi ya ɗiga ya koma ciki. Murfi ɗaya ya rage masa kauri, ya kuma ba shi wari. Giyar ta shawu, mai sauƙi ce, kashi 3.7, da ɗan masararta.

Kafin ya ci gaba na tuna masa da doka, tunda ya fara maganar abokai suna so. Ƙasashe sun bambanta. Birtaniya ta cire buƙatar lasisi ga mai dafawa a gida a 1963, a Amurka kuma Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi a 1978, dukansu don shan gida ne, ba don sayarwa ba. Wasu wuraren sun haramta shi ɗungurungum. Tace barasa ta hanyar tururi kuwa wani babi ne daban, da dokarsa da haɗarinsa.

Ta bakwai, da abin da ya rage

Gyaran bai ci ko kwabo ba. Ya sa an ɓarza masa tsiron ya fi laushi, tunda buhu ba ya toshewa kamar matatar tukwane uku. Ya kashe wuta ya naɗe tukunyar da bargo lokacin jiƙo, ya motsa sau biyu, zafi ya sauka digiri ɗaya da rabi kacal. Ya matse buhun. Ya tafasa a buɗe, ya ɗora tukunyar a kan bakin murhu biyu. Lita 10, kauri 1.047, ta tsaya a 1.010. A sati na uku cikin kwalba ita ce giya mafi kyau da ya taɓa yi: launin zinariya, kumfa mai tsayawa, ƙamshin ɓawon lemo yana tashi tun kafin kofi ya kai baki.

A sati na takwas ya kawo mini kwalba biyun ƙarshe, fuska ba walwala. Ƙamshin ya gudu, launin ya dushe ya yi duhu, ga wani ɗanɗano kamar jiƙaƙƙen kwali. Na tambaye shi yadda yake cika kwalba. Ya ce da jug yake ɗiba daga bokiti, ya tsiyaya ta mazurari.

Iskar oksijin ke nan. Kafin a zuba yis abokiya ce, yis yana buƙatarta don gina jikinsa, har girgiza bokiti ake yi. Bayan ya gama aiki kuwa duk fantsama ɓarna ce, kuma giya mai ƙamshin hof ta fi kowace saurin nunawa. A tukwanensa na baya ma tana nan, ayaba da magani ne suka rufe ta. Maganin farko tiyo ne da sandar cika kwalba mai ɗan bawul a baki, wadda ke cikawa daga gindi zuwa sama ba tare da kumfa ba, sannan a rufe kowace kwalba nan take.

Ya ciro tsohuwar takardarsa, ta sha ninki har ta fara yagewa, ya ce to yanzu fa, Yaya, me zan saya a ciki? Na ce tulun gas yana da hujja, don yana ba da damar korar iska kafin giya ta shiga, amma ba yanzu ba. Injin ɓarza sai ranar da ya fara sayen tsiro buhu-buhu. Tukwane ukun da famfo na ja musu layi. A ƙasan takardar na rubuta abin da babu a jerin: tsohon firij da na'urar da ke kunna shi tana kashewa bisa ma'aunin da aka manna a jikin bokiti, don ya huta da tashin dare yana canza gorunan ƙanƙara, kuma in ya so yin giyar laga, wadda yis ɗinta ke son digiri 9 zuwa 13, ya samu hanya.

Tukunya ta takwas tana bokiti yanzu, girki ɗaya da ta bakwai. Rabin kwalaben zai cika su da mazurari kamar da, rabi da sanda, ya sa wa murafan alama. A sati na takwas yayansa ne zai zuba mana a kofuna ba tare da mun ga daga wace kwalba ba.